'Yan Wanke-wanke

Sunana Sabela. Shekara hamsin da ɗoriya
ina bin janyewar ruwa a gaɓar Galisiya,
ƙugu a tanƙware, manjagara a hannu,
ina tonon ƙumba kamar mai tonon dankali.

Daren da jirgin dakon mai ya karye can nesa
ban ji ƙara ba. Wari ne ya tashe ni.
Da gari ya waye teku ta yi shiru irin na mai laifi,
igiya na zuwa da nauyi, ba kumfa,
ta ajiye baƙi a kan dutse, ta koma ɗebo wani.

Mun kwashe da shebur. Inda shebur ya gaza, da hannu.
Na tsinci tsuntsu, fiffike manne da ciki,
ido kaɗai ke motsi.
Wata uku muna cika bokiti,
amma abin da ya shige ƙarƙashin tsakuwa
ya fi ƙarfin farce.

Sai ga jikata Iria ta dawo daga birni
da kwalabe, da takalmin roba da ya fi ƙafarta.
Na ce, wane magani kika kawo mana?
Ta ce, ban kawo komai ba, Kaka, ɗiba na zo yi.
Masu aikin suna nan tun ba a haifi kakanki ba.

A teburin girkina ta ɗiga ruwan gaɓarmu kan gilashi,
ta ce in runtse ido ɗaya in leƙa.
Wasu 'yan mitsi-mitsi, kamar ɓarzajjiyar shinkafa,
sun yi wa ɗigon mai ƙawanya
kamar 'yan kwikwiyo a nonon uwa.
Bakteriya, in ji ta. Mai ne abincinsu.

Ni da na tsufa ina yaƙi da abin da ido bai gani,
ina tafasa tsumma, ina kora yara wanke hannu,
yau an ce in yi musu hidima.

Mai zalla gaya ne, ba ya wuce maƙogwaro,
suna son ɗan taki, suna son iska.
Muka barbaɗa da awo, kada ruwa ya yi kore,
muka yi ta juya yashi duk sanda teku ta ja baya.
Maza a ƙofar shago na dariya: Sabela ta koma noman teku.
Na bar su. Baki ba ya kankare dutse.

Da sanyi ya shigo suka yi nawa.
Kwalta mai kauri kuwa ko kallo ba ta ishe su ba.
Iria ta rubuta lamba, ta goge, ta sake awo,
wani dare na ji ta tana kuka a ɗaki
na yi kamar barci nake.

A wannan hunturun na tambaye ta abin da ke cina.
Amaro, kakanki, da kwalekwalensa ya dawo ba shi,
su ne suka cinye shi?
Ta daɗe tana juya cokali a kofi.
Danginsu ne, Kaka.
Na ce, to. Ashe da bashi a tsakaninmu.

Bazara ta uku na ɗaga dutsen da na sa wa alama.
Har yanzu da tabo baƙi, faɗin tafin jariri,
amma gefensa ga ƙaramar ƙaguwa
ta ɗaga mini ƙaho, wai gidanta ne.
Na shinshina yatsuna. Gishiri.

Iria ta faɗa mini sunansu na boko sau huɗu,
harshena ya ƙi ɗauka.
Ni 'yan wanke-wanke nake ce musu.
Ba a hana su albashi, tunda ba su tambaya ba,
ba su san an yi ɓarna ba, ba su san sun gyara ba,
yunwa ce kawai ta zo daidai da buƙatarmu.

Ban yafe wa masu jirgin ba.
Amma na mayar da dutsen yadda na same shi,
a hankali, don akwai masu cin abinci.